Sauya Babbar Manhaja a Na'urorin Ɗakin Gwaje-gwaje

A yawancin ɗakunan gwaje-gwaje na kimiyya, na'urar da ke auna sinadaran jini ko ta tantance abin da ke cikin magani tana dogara ne ga kwamfutar da ke gefenta, wadda ke ba ta umarni, ta karɓi sakamako, ta kuma adana shi. Wahalar da masu kula da waɗannan ɗakuna ke fuskanta ta samo asali ne daga bambancin tsawon rai, domin injin rarrabe sinadarai mai tsada kan kai shekara 20 yana aiki lafiya, alhali babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta kuma sauran manhajoji ke zaune a kanta, ba ta cika wuce shekara 10 da 'yan kai ba kafin kamfaninta ya daina yi mata gyara. Alal misali, Microsoft ya fitar da babbar manhajarsa Windows XP a 2001, ya janye hannunsa daga gare ta a Afrilun 2014, ya yi wa Windows 7 haka a Janairun 2020, sannan Windows 10 a Oktoban 2025, amma har yau akwai na'urori masu daraja da ba su san wata manhaja ba sai XP.

Haɗarin barin abin yadda yake ya fito fili a watan Mayun 2017, lokacin da manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a Windows ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila, har aka soke kimanin alƙawura 19,000 na ganin likita da tiyata.

Sai dai sauyin ya fi ƙarfin saka sabon faifai a danna maɓalli, kuma a nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna. Tsakanin kwamfuta da na'ura akwai ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke zama tafinta tsakaninsu, kuma direban da aka rubuta wa Windows mai tsarin bit 32 ba ya aiki a mai tsarin bit 64, wadda kuma ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun lantarki na wanda ya yi shi, ba ta ma buɗe tsoffin manhajoji masu bit 16. Ga kuma batun mahaɗi. Na'urori da yawa suna magana da kwamfuta ta hanyar GPIB, tsarin da Hewlett-Packard ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960 aka kuma mayar da shi ƙa'ida a 1975, ko ta tsohon mahaɗin RS-232, ko ta wani kati da ake cusawa a ramin ISA ko PCI, ramukan da yawancin kwamfutocin yau ba sa zuwa da su. Kebul mai mayar da waɗannan mahaɗai zuwa USB yakan warware matsalar a wasu lokuta, amma yana iya kawo ɗan jinkiri, kuma a gwajin da ake lissafa lokacinsa da ƙananan ɓangarorin daƙiƙa, jinkirin na iya gurɓata sakamako ba tare da wata alama ta fito ba. Wannan ne mafi munin abin da ke iya faruwa, domin na'urar da ta ƙi tashi kowa zai gani, amma wadda ke ba da lambobin ƙarya cikin nutsuwa tana iya daɗewa tana yaudarar masu bincike.

Idan kamfanin na'urar yana nan kuma yana sayar da sabuwar manhaja, sayenta ya fi kwanciyar hankali, ko da yake farashin kan yi nauyi. In babu wannan, akan gina kwamfutar kwaikwayo, wato tsohuwar manhaja da ke gudana a cikin sabuwa, dabarar da ke yi wa na'urorin USB kyau amma ba ta cika amfanar masu tsohon kati ba. Sau da yawa hanyar da ta fi dacewa ita ce a bar tsohuwar kwamfutar, a cire ta daga intanet, a hana cusa mata kowane filashi, a ɗauki cikakken kwafin rumbunta, a kuma tanadi irinta ta biyu saboda ranar da za ta lalace.

Ko wace hanya aka bi, aikin bai kammala ba sai an sake gwada samfurori da aka riga aka san sakamakonsu, an tabbatar lambobin sun yi daidai da na baya, kamar yadda ƙa'idar ISO 17025 ta ɗakunan gwaji ke bukatar a tabbatar da ingancin manhaja kafin amfani da ita. Wajibi ne kuma a fitar da tsoffin bayanai zuwa tsarin da kowace manhaja ke karantawa, tunda sabuwar ba lallai ta buɗe fayilolin tsohuwar ba.

Batun ya shafi jami'o'i da asibitocin Afirka ta Yamma kai tsaye, domin wasu daga cikin na'urorinsu kyauta ce ta kayan da aka riga aka yi amfani da su a waje. Ya kamata duk cibiyar da za ta karɓi irin wannan kyauta ta nemi faifan manhaja, da lasisinta, da direbobi, da katin haɗi tun kafin a loda kayan a jirgi.