Abin da Ke Kawo Kifin Gilashi Saman Ruwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan kifin da ake kiwo cikin akwatin gilashi, ba ya tasowa saman ruwa yana bubbuɗe baki sai da dalili. Mai shi kan zaci yunwa ce, ya ƙara abinci, alhali numfashi ne ya gagara. Kifi yana rayuwa da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, wadda ke shiga ta sama. Zafi da cunkoso da ruɓewar ragowar abinci duk suna rage ta. Maganin kuwa, a sauya wani kaso na ruwan, a riƙa motsa samansa. Amma tarwaɗa da gaiwa, shaƙar iskar sarari ɗabi'arsu ce, ba alamar wahala ba.