Kaskar zuma da cutar da take dako

Idan mai amya a Kuki ko ƙauyukan Kurfi ya hau gawo ya tarar da amyarsa wayam, hukuncinsa ɗaya ne: zuma ta tashi. Zai ɗora laifin a kan cinnaka, ko ƙishirwar bazara, ko feshin da aka yi wa wake, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Sai dai amyarmu ta gargajiya, wadda ake saƙawa da ciyawa, a shafe da kashin shanu, a rataye a reshe, ba a buɗe ta sai daren ɗiba, cikin wuta da hayaƙi. Abin da ya sami 'ya'yan zuma a cikin saƙa tsawon watanni, ba mai gani.

Masana sun gano ire-iren bairos sama da ashirin da ke kama ƙudan zuma. Tun a 1963 Leslie Bailey da abokan aikinsa a cibiyar Rothamsted ta Ingila suka ware biyu masu shanye jikin ƙudan. Yawancin bairos ɗin sukan zauna lamo, ba alama. Abin da ya tayar da su wata 'yar kaska ce ja, Varroa destructor, wadda faɗinta bai kai milimita biyu ba. Asalinta jikin zumar Asiya ne. Takan shige ramin saƙa kafin a toshe shi da kaki, ta huda tsutsar zuma ta ci kitsenta, a nan ne take zuba mata bairos kai tsaye. Mafi ɓarna shi ne DWV mai nakasa fiffike: ƙudan ya fito a ƙanƙance, fukafukai a tattare, ya yi 'yan kwanaki yana jan ciki ya mutu.

Tsibiran Hawayi ne suka nuna wa duniya yadda lamarin ke tafiya, domin kaskar ba ta isa can ba sai 2007. Binciken Stephen Martin da aka buga a mujallar Science a 2012 ya nuna cewa inda babu kaska, kimanin kashi 10 cikin 100 na amyoyi ne ke ɗauke da DWV, kuma iri-iri ne barkatai. Inda ta daɗe, duk amya na da shi, yawansa a jikin ƙudan ya ninka sau miliyan, ire-iren nan kuma sun ɓace, guda ya mamaye. Ashe kaskar har zaɓen irin da ya dace da ita take yi. Shi ya sa a ce akwai bairos a amya bai gamsar ba, sai an san wane iri ne. Nau'in B na DWV, wanda 'yar Kenya Juliette Ongus ta bayyana a 2004 a Holan, yanzu yana ture nau'in A a Turai, kuma su biyun sukan yi musayar ƙwayoyin gado su haifar da barbarar yanyawa.

Kaskar ta shigo Afirka ta Kudu a 1997, an gan ta a Kenya a 2009, an kuma tabbatar da ita a kudu maso yammacin Najeriya. Amma zumar Afirka ba ta durƙushe ba. Tsutsarta na saurin ƙyanƙyashewa, tana yawan rabuwa, kuma idan wuri ya dame ta sai ta yi ƙaura ta bar kaskar da ke cikin saƙa. Tashin nan da mai amya ke tsaki a kai, wani lokaci magani ne. Don haka ni ban ga hikimar shigo da sarauniyar zuma daga Turai da sunan inganta iri ba, ga faɗan tamu da ake kuka da shi amma ga juriya.

Gano nau'in bairos ɗin kuwa aikin ɗakin gwaji ne. Ana niƙa ƙudaje, a tsamo sinadarin gadon bairos ɗin, wato RNA, a ninka shi da gwajin RT-PCR, irin wanda aka riƙa yi wa mutane lokacin korona, sannan a karanta jerinsa a gane nau'in. Wahalar a nan take: RNA ba ya jure zafi. Mataccen ƙudan da ya yini a aljihu cikin ranar Afrilu ya tashi daga aiki. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar noma a kusa. Ɗalibin da zai ɗauki wannan aiki sai ya bi masu amya daren ɗiba, ya kama ƙudajen da ransu, ya jefa su cikin ƙanƙara ko ruwan adana samfuri tun a gindin bishiya.