Kazan, Garin Rasha Mai Unguwa Irin Sabo

In aka ambaci Rasha a majalisa, abu uku ne ke zuwa bakin mutane: sanyi, yaƙin Yukren, sai ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a Volgograd a 2018. Ba kowa ya san cewa akwai yanki a ƙasar da Musulunci ya haura shekara dubu a cikinsa ba. Yankin shi ne Tatarstan, a bakin kogin Volga, babban birninsa kuma Kazan. Daga Mosko tafiyar kusan kilomita 800 ce ta gabas. In ka hau jirgin ƙasa da yamma, ka kwana a ciki, da safe kana can.

Baƙo yakan fara ne da Kremlin, wato tsohuwar fadar da ganuwa ta kewaye a kan tudu. A ciki akwai masallacin Kul Sharif mai shuɗiyar ƙubba, kusa da shi ga tsohuwar majami'a, ga kuma hasumiyar Suyumbika da ta ɗan karkace. Wurin ɗaukar hoto ne sosai. Sai dai masallacin sabon gini ne, a 2005 aka buɗe shi. Na asalin ya tafi tun 1552, shekarar da Sarki Ivan na Huɗu ya ci garin da yaƙi, limamin da aka sa wa masallacin sunansa kuma a wannan yaƙin ya rasu.

A ganina labarin da ya fi shafarmu yana wajen ganuwa. Bayan an ci garin, Tatar ɗin da suka tsira an fitar da su daga ciki, suka zauna a gefen tafkin Kaban. Unguwar tana nan har yau, ana ce mata Tsohuwar Unguwar Tatar. Duk wanda ya tashi a Sabo ta Ibadan ko Agege, in ya ji tsarinta zai gyaɗa kai: jama'a masu addini ɗaya da harshe ɗaya, an ware su gefe guda, suna da manyansu da malamansu, abincinsu kuma na bakin kasuwa. Amma fa akwai bambanci, kada mu ruɗi kanmu. Mu fatauci ya kawo iyayenmu kudu da ƙafarsu. Su kuwa garin kakanninsu ne aka mayar da su baƙi a cikinsa.

Sama da shekara 200 suka yi ba su da izinin gina masallacin dutse. Na katako suke yi, shi ma ba a bar su da shi lafiya ba, don a shekarun 1740 an rushe masallatai sama da 400 a yankin Kazan. Abin da ya juya al'amarin shi ne kasuwa. Rasha na son ciniki da Kazak da mutanen Bukhara, to amma wa zai shiga tsakani? Tatar ne ke jin harshen, kuma addininsu ɗaya da masu kayan. A kasuwar Orenburg da ke bakin iyaka makiyayan Kazak kan kawo tumaki da dawakai su musanya da yadi da kayan ƙarfe, fataken Tatar na tsakiya. Aikin dillali ke nan, wanda duk ɗan kara ya sani: mai dabba ba ya sakin igiya sai ga wanda ya yarda da shi. A gida kuma suna jima da yin sabulu, suka tara dukiyar da hukuma ba ta iya kau da kai daga gare ta.

Da Sarauniya Katarina ta ziyarci Kazan a 1767, sai ta ba su izinin gini da dutse. Jama'ar unguwa suka yi karo-karo, aka kammala masallacin a 1770. Ana ba da labari cewa hukumomin gari sun kai ƙara wai hasumiyar ta yi tsawo, ita kuma ta amsa cewa ƙasa ta ba su, sama ba a hannunta take ba. Masallacin ne yanzu ake kira Marjani, da sunan Malam Shihabuddin Marjani wanda ya yi limanci a nan daga 1850 har rasuwarsa a 1889. Zamanin Tarayyar Sobiyet, da aka rufe sauran masallatan garin, wasu aka mai da su sito, a wannan aka ci gaba da salla.

Kaɗan gaba akwai masallacin Nurulla, wanda attajiran unguwa suka gina a shekarun 1840 a tsakiyar Kasuwar Ciyawa, don 'yan kasuwa su yi salla ba tare da sun yi nisa da kayansu ba. Titin Kayum Nasiri da ke ratsa unguwar yanzu na masu tafiya a ƙasa ne, gidajen katako masu fenti kala-kala a jere. A nan za ka samu ecpocmak, wani gasasshen fulawa mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, da cak-cak, mai kama da cincin da aka jiƙa da zuma. Nama na halal ba wahala. Amma ka tambaya kafin ka ci busasshen naman da suke kira kazilik, domin na doki ne.

Wanda ke da kwana guda na ƙari, ya je Bolgar, tafiyar kamar awa uku a mota ta kudu. Yankin nan ne jakadun Halifa Muƙtadir suka iso daga Bagadaza a 922, cikinsu har da Ibn Fadlan, wanda ya rubuta mamakinsa kan gajartar daren bazara a can. Matsalar ba ta kau ba. A watan Yuni jan sararin magariba ba ya gama ɓacewa alfijir ya keto, shi ya sa malamansu suka daɗe suna muhawara kan lokacin Isha'i, Marjani ma ya rubuta littafi a kai. A Bolgar akwai kufan babban masallaci da ƙaramar hasumiya da suka rage daga ƙarni na 13 da na 14, da wani Alƙur'ani bugagge mai nauyi sosai. Da zafi ana iya zuwa ta jirgin ruwa a kan Volga. Da hunturu kogin daskarewa yake yi, sai dai mota.