Yadda Farashin Sassaƙa Ƙarfe Guda Ɗaya Ya Sauko Ta Hanyar Oda A Intanet

Shekaru da dama da suka gabata, duk wanda ya je masana'antar sassaƙa ƙarfe a Amurka ko Turai yana neman a ƙera masa abu guda ɗaya tak, alal misali giyar wani tsohon keken ɗinki ko maɗaurin fitilar babur, da wuya ya sami mai saurarensa. Masu masana'antu sun fi son kwangilar ɗaruruwa ko dubbai. A yau kuwa, mai sha'awar ƙere-ƙere a gida yana iya aika zanen abin da yake so ta intanet, ya ga farashi nan take ko cikin 'yan sa'o'i, ya biya, a kawo masa kayan har ƙofar gida.

Injinan da ke yin wannan aiki ba sababbi ba ne. Tun a shekarar 1952 aka nuna injin sassaƙa da ke bin umarnin lambobi a Cibiyar Fasaha ta Masacusets, kuma daga baya kwamfuta ta karɓi ragamar sarrafa irin waɗannan injuna, waɗanda ake kira CNC a taƙaice. Abin da ya sauya shi ne aikin ofis da ke gaban sassaƙar.

Kafin inji ya taɓa ƙarfe, dole wani ƙwararre ya duba zanen, ya lissafa lokacin da aikin zai ci, ya rubuta umarnin da injin zai bi, ya zaɓi wuƙaƙen yanka, sannan ya ɗaure ƙarfen a mazauninsa. Wannan shiri kuɗinsa ɗaya ne, ko guda ɗaya za a yi ko guda dubu. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan tsayayyen kuɗin aiki. A ɗauka, domin misali kawai, shirin ya ci dala 60, kuma kowane guda yana cin dala 5 na ƙarfe da lokacin inji. Mai son guda ɗaya zai biya dala 65, amma mai son guda goma zai biya dala 110, wato dala 11 a kan kowane guda. Wannan ne dalilin da ya sa masu sha'awar sana'ar ke haɗa kai su yi oda tare, ko kuma mutum ya ƙara guda biyu ko uku ya ajiye.

Kamfanonin intanet sun rage wannan nauyi ne ta hanyar ɗora wa kwamfuta aikin dubawa da lissafi. Kamfanin Protolabs, wanda aka kafa a jihar Minesota a 1999, ya gina kasuwancinsa a kan manhajar da ke karanta zane ta fitar da farashi, kuma yana da masana'antunsa na kansa. Kamfanin eMachineShop na jihar Niyu Jasi, wanda ya fara a 2003, ya ba masu oda manhajar zane kyauta domin wanda bai yi karatun injiniya ba ya iya tsara abinsa. Shi kuwa Xometry, da aka kafa a jihar Meriland a 2013, dillali ne: yana karɓar oda ya yanke farashi, sannan ya miƙa aikin ga ɗaya daga cikin ƙananan masana'antun da suka yi rajista da shi. Ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin abin da mai oda ya biya da abin da maƙerin ya karɓa. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021, shekarar da Protolabs ya sayi kamfanin 3D Hubs na birnin Amsterdam, wanda shi ma dillanci yake yi.

Tsarin dillancin yana da ma'ana ta fuskar tattalin arziki. Injin CNC jari ne mai tsada, kuma duk sa'ar da ya yi a tsaye asara ce ga mai shi, don haka ƙaramin maƙeri kan yarda da farashi mai rahusa domin cike giɓin lokaci.

Duk da haka, zanen da mai oda ya aika shi ke yanke yawancin kuɗin. Wuƙar injin zagayayyiya ce, saboda haka ba ta iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Wanda ya nace sai an yi masa haka zai biya kuɗin ƙarin aiki. Rami mai zurfi da bango mai sirantaka suna rage saurin inji. Idan siffar abin tana buƙatar a kwance shi a juya a sake ɗaurewa, an ƙara wani kuɗin shiri ke nan. Aluminiyam mai lamba 6061 yana yankuwa da sauri, shi ya sa ya fi araha a kan ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304. Sai kuma batun daidaiton awo. Kamfanoni da yawa suna aiki da ƙa'idar cewa awo zai iya kaucewa da kimanin milimita 0.13 sama ko ƙasa. Neman daidaiton da ya fi haka yana ɗaga farashi ƙwarai, alhali yawancin ayyukan gida ba sa buƙatarsa sai a inda sassa biyu za su shige juna.

Akwai kuma haɗarin da ke kan mai oda. Kayan da aka ƙera bisa zanen mutum ba a mayar da su idan kuskuren daga zanen ne. Wanda ya rikita inci da milimita, alhali inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi zai ɗauki asararsa. Galibi ana karɓar zane mai cikakkiyar siffa a tsarin fayil na STEP, na yankan faranti kuma a tsarin DXF, kuma manhajar FreeCAD tana fitar da duka biyun kyauta.

Kamfanonin ƙasar Sin irin su PCBWay da JLCPCB, waɗanda suka yi suna wajen buga allunan lantarki, sun shigo harkar da farashi mai sauƙi. Sai dai a 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da rangwamen da ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ƙasar ba tare da haraji ba, lamarin da ya rage wa irin waɗannan ƙananan oda armashi a wurin masu saye na can.

Ga mai oda daga Nijeriya, farashin da ya bayyana a allo somin-taɓi ne. Za a biya da dala, wadda ta yi tsada sosai tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Ga kuɗin dakon jirgin sama, wanda kan zarce kuɗin ƙaramin kaya shi kansa, ga harajin kwastan da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari. A irin wannan hali, masu injunan sassaƙa na kasuwar Panteka ta Kaduna da na garin Nnewi suna da wata fa'ida da intanet ba ta da ita: suna iya karɓar tsohon ƙarfen da ya karye a hannu, su auna shi, su fitar da irinsa ba tare da an zana komai a kwamfuta ba.