Ciwon Mara Mai Tsanani: Kunya Ba Ta Maganinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, duk sanda muka kai babin haila a Ahalari, sai takardu su riƙa zuwa mana daga ajin mata, ba suna. Da yawa ba tambayar fiƙihu ba ce. Mace ce ciwon mara ke kayarwa duk wata, ko tashi ba ta iyawa. Hukuncin sallarta muna da shi, amma maganinta yana wurin likita.

Akwai cutar da ake kira endometiriyosis, da Larabci biɗanatur rahim almuhajira. Ku riƙe sunan, zai yi amfani a asibiti. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta: kan ma'ajiyar ƙwai, ko hanji, ko mafitsara. Idan wata ya zagayo shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kama mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190.

Alamominta: ciwon haila mai hana aiki ko karatu, zafi wajen saduwa ko bahaya, yawan jini, wani lokaci jinkirin haihuwa. Ba a samo maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya ba, amma akwai na rage zafi, da ƙwayoyin daidaita haila, da tiyata.

Me ke hana matanmu zuwa? Kunya, da "haƙuri za ki yi, in kin yi aure zai wuce", da ɗora wa iska ko sammu. Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, ya rufe asibitoci da dama a Khartum da Umdurman, likitoci suka watse. To amma fa Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba.

Don haka, uwa ta rubuta ranakun ciwon 'yarta na wata 3, a je wa likitan mata da takardar. Maigida ya raka iyalinsa, kada ya yi gaggawar gori kan haihuwa. Mu kuma a masallaci mu binciko inda likitocin mata ke zama yanzu, mu tara wa marasa hali kuɗin mota da na hoton ciki. Addu'a da neman magani ba sa karo.

Wallahu a'alam.