Faya-fayan Baba: Abin da Mawaƙan Ingila na Shekarun 1960 Suka Bari

Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka taru a ɗakinsa a nan zangon Kumasi don a ƙidaya abin da ya bari kafin rabon gado. Keken ɗinki biyu, riguna, littattafai, sai wata tsohuwar adaka a bayan ƙofa wadda ba wanda ya san inda makullinta yake. Da aka ɓalle kwaɗon, sai ga faya-fayan garmaho guda goma sha ɗaya, an naɗe kowanne a tsohuwar jarida. Yawancin hotunan da ke jikin kwalayensu na Turawa ne masu dogon gashi har kafaɗa.

Baffana ya kalle su sau ɗaya, ya kawar da kai. Ya ce, "Wannan ba ya shiga gado. A kai bola ko a ƙona, kada mu ƙara wa mamaci nauyi." Na ce, "Baffa, a ba ni mako ɗaya in san ko mene ne tukuna." Ya ce, "Ku malaman boko ba kwa rabuwa da bincike. To, mako ɗaya."

Samari huɗu daga Liverpool

Huɗu daga cikin faya-fayan na The Beatles ne, wato John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, samarin birnin Liverpool mai tashar jiragen ruwa. Sun fitar da faifansu na farko a watan Oktoba na 1962. Ba a yi shekara biyu ba, a Fabrairun 1964, suka bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutane kusan miliyan 73 suka kalle su a dare ɗaya. Kafin su, yawanci wani ne ke rubuta waƙa, wani ya kaɗa, mawaƙi kuma ya rera. Su kuwa suka haɗa duka a hannunsu: su rubuta, su kaɗa gita da ganga, su rera. Duk saurayin da ka gani yau yana rubuta waƙarsa da kansa yana naɗa a ɗakinsa, a kan wannan turbar yake, ko ya sani ko bai sani ba.

A 1966 suka daina hawa dandali, domin ihun 'yan kallo ya kai matsayin da su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Suka koma ɗakin naɗar sauti, a 1970 kuma suka watse.

Biyu na The Rolling Stones ne, ƙungiyar Mick Jagger da Keith Richards da aka kafa a Landan a 1962. A nan ne na tsaya na yi dogon tunani. Sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, baƙar fata ɗan Amurka mai kiɗan bulus. Kiɗan jikokin bayi ne, waɗanda aka fitar da kakanninsu ta gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma. Samarin Ingila suka koye shi daga faifai, suka ƙara masa ƙarfi, suka mayar wa Amurka da shi, aka saya da tsada. Su dai ba su ɓoye inda suka samo shi ba, amma kuɗin da suka tara ya ninka na malaman nasu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma faifai ɗaya da ya sa ni murmushi: na Osibisa, ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1969, wadda jagoranta Teddy Osei da ƙaninsa Mac Tontoh 'yan nan Kumasi ne. Ashe a wancan zamanin ma namu na can ana damawa da su.

Ba a ci banza ba

Baffa bai yi ƙarya ba da ya ji tsoron wannan rayuwa. Brian Jones, wanda ya kafa The Rolling Stones, an tsinci gawarsa a wurin ninƙaya na gidansa a 1969 yana ɗan shekara 27, bayan shaye-shaye sun riga sun cinye shi. Keith Moon, makaɗin gangar The Who, ya mutu a 1978 yana da shekara 32 saboda ƙwayoyin da suka yi masa yawa. John Lennon kuwa harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a New York ranar 8 ga Disamban 1980. Ɗaukaka ta zo musu suna ƙuruciya, ba kuma kowa ne ya iya ɗaukarta ba.

Faifan da ya fi tsufa a hannu

Wanda kwalinsa ya fi kowanne ƙoƙewa, alamar an fi taɓa shi, shi ne Tea for the Tillerman na 1970, na wani Cat Stevens. Sunan bai ce mini komai ba sai da na bincika a wayata. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Wannan mutumin shi ne Yusuf Islam, mai waƙar A is for Allah, wadda nake kunna wa ɗalibaina na aji biyu tun da na fito daga kwalejin horon malamai.

An haife shi a Landan a 1948, sunansa na yanka Steven Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne ɗan tsibirin Cyprus, mahaifiyarsa 'yar Sweden, suna da gidan abinci a tsakiyar birnin. Yana ɗan shekara 18 waƙarsa Matthew and Son ta kai mataki na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1967. Sai tarin fuka ya kwantar da shi har aka fara fid da rai. Da ya warke, waƙoƙinsa suka sauya, suka koma na tambaya: ina aka dosa, me ya rage bayan mutuwa. A tsakiyar shekarun 1970 ya kusa nitsewa a teku a Malibu ta Amurka. Daga baya yayansa David ya kawo masa fassarar Alƙur'ani daga birnin Ƙudus. A Disamban 1977 ya musulunta, a 1978 ya ɗauki sunan Yusuf Islam, daga baya kuma ya sa gitocinsa a gwanjo aka ba da kuɗin sadaka.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne abin da ya yi da dukiyar waƙa. A 1983 ya buɗe makarantar firamare ta Islamia a arewa maso yammacin Landan. Shekara goma sha biyar ana kai ruwa rana da hukuma, sai a 1998 gwamnati ta amince ta riƙa ɗaukar nauyinta kamar yadda take yi wa makarantun Kirista da na Yahudawa. Tana cikin makarantun Musulmi na farko da suka samu haka a Birtaniya. Mu da muke zaune a matsayin tsiraru, muke fama da kuɗin alli da benci a makarantun zango, mun san nauyin wannan nasara.

A 2006 ya sake ɗaukar gita ya fitar da sabon faifai, An Other Cup. Wasu Musulmi suka yi murna, wasu suka ce ya koma gidan jiya. Ni ba malamin fatawa ba ne, kuma saɓanin malamai kan kiɗa ya girme ni, ya girmi Baffa.

Da mako ya cika

Na je wa Baffa da faifan a hannu bayan la'asar, na ba shi labarin tun daga farko. Ya karɓa, ya juya kwalin, ya yi shiru mai tsawo. Can sai ya ce, "Ai tare muka sayo wannan da babanka, a hannun wani ɗan gwanjo a Kejetia. Kuɗin ɗinkin sallah muka haɗa." Ya ce Baba ya daina kunna su ne tun da ya dawo daga Makka, amma ya ƙi zubarwa, shi kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba.

Na ce, "Baffa, to yanzu a ƙona?" Ya miƙo mini faifan ya ce, "Ka ajiye a rabonka. Amma kada in ji su a gidan nan."

Ba zai ji ba, domin garmahon Baba ya daɗe da mutuwa, kuma har yanzu ban samu mai gyaransa ba. Faya-fayan na nan a adakarsu a ɗakina. Ranar Litinin da na shiga aji, yara suka roƙi in kunna musu waƙar haruffa. Kafin in kunna, na ce musu, "Ku zauna tukuna, yau sai na faɗa muku ko wane ne mai muryar nan."