AIKIN ƘANANAN MAWALLAFA: ABIN DA YANA DA ƘASAR KATAGUM ZA SU KOYA DAGA GIDAN DABINO

Duk wanda ya leƙa wurin masu sayar da littattafai a Azare, ko ya duba abin da matasa da matan aure ke karantawa a Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, zai tarar da cewa galibin littattafan hira na Hausa da ke hannunsu daga Kano aka kawo su. Yawancinsu kuwa ba wani babban kamfani ne ya buga su ba. Ƙananan mawallafa ne, waɗanda sau da yawa su ne marubutan, su ne masu biyan kuɗin ɗab'i, su ne kuma masu ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Yau za mu kawo wa masu karatu labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, watau Gidan Dabino na Kano, da na marubutan da suka taso tare da shi, sa'an nan mu duba abin da mutanen ƙasar Katagum za su tsinta a ciki.

YADDA AKA FARO

Kamar yadda aka sani, tun farko hukuma ce ta riƙe ragamar wallafa littattafan Hausa na boko. A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Daga nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA wadda ta yi aiki a shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959. A 1966 kuma aka kafa kamfanin NNPC a Zariya tare da haɗin gwiwar Macmillan na Ingila.

Waɗannan hukumomi sun yi aikin da ba za a manta da shi ba. Kamfanin NNPC ne ya fito da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980, a 1982 kuma gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Amma fa ƙofar tana da ƙunci. Marubuci zai aika da rubutunsa ya zauna jiran amsa, kamfani kuwa hankalinsa yana kan littafin da makarantu za su saya. Da tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali, musamman bayan shirin SAP na 1986, sai darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin suka kasa riƙe ƙasar, manyan kamfanoni suka ja da baya daga buga ƙagaggun labarai.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka sami ɗimbin sababbin masu karatu, albarkacin shirin ilmin firamare kyauta na UPE da aka soma a 1976, da kuma ajujuwan yaƙi da jahilci na manya. Ga masu karatu, ga marubuta, babu mai bugawa. Wannan giɓi ne ƙananan mawallafa suka shigo suka cike.

GIDAN DABINO DA ABOKAN TAFIYARSA

An haifi Malam Ado Ahmad Gidan Dabino a 1964 a ƙasar Dawakin Kudu ta Jihar Kano. Bai shiga makarantar boko yana yaro ba. Karatun allo ya fara, sai da ya girma ya shiga ajin yamma na manya. Wajen shekarar 1990 ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talakawa, wanda ya zama ɗaya daga cikin littattafan Hausa da suka fi karɓuwa a zamaninsa. An fassara shi zuwa Turanci da sunan The Soul of My Heart, aka kuma mai da shi fim a 1994. Bayansa akwai Masoyan Zamani, da Hattara Dai Masoya, da Wani Hani Ga Allah, da Duniya Sai Sannu, da Kaico!, da kuma wasan kwaikwayo mai suna Malam Zalimu. 

Shi kaɗai ba zai iya ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka jagoranci ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Aikin ƙungiyar shi ne duba rubutun sabon marubuci, da nuna masa hanyar maɗaba'a, da haɗa shi da dillalai. Sun kuma fito da wata dabara mai sauƙi amma mai amfani: a cikin littafin kowane ɗan ƙungiya akan jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe. Ta haka kowane littafi ya zama tallar ɗan'uwansa, mai karatu a Azare ko Gusau ko Maraɗi ya san abin da zai tambaya a kasuwa.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, marubuci ya rubuta da hannu, ya kai a buga masa da tafireta, daga baya kuma da kwamfuta, ya sayi takarda da kuɗinsa, ya biya mai zanen bango, ya biya maɗaba'a. Da yake jari ba shi da yawa, sai a raba labari kashi biyu ko uku, a sayar da na ɗaya a buga na biyu da kuɗinsa. Dillalan Kasuwar Sabon Gari da na wajen Bata su karɓi kaya, galibi bashi, su rarraba wa masu sari daga garuruwa. A unguwanni kuma ga masu ba da haya, inda littafi ɗaya zai zaga gidaje da dama har bangonsa ya yage. Haɗarin sana'ar a fili yake: in dillali ya riƙe kuɗi, kashi na biyu ba zai fito ba.

INA MARUBUTAN SUKA KWANA?

Ba a bar su sun sha ruwan sanyi ba. Malam Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su jure zamani ba, Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu kuwa suka tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. A 2001 Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. A 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya, daga baya kuma aka yi ta kai ruwa rana tsakanin hukumar tacewa da marubuta a kan batun yi musu rajista. Malam Ado na cikin waɗanda suka shugabanci reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, watau ANA, a wancan zamani.

Duk da haka tafiya ta yi nisa. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ba Malam Ado Ahmad Gidan Dabino lambar girma ta MON. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, ta ga ranar da Malam Aliyu Kamal ya fassara Alhaki zuwa Turanci, wani ƙaramin kamfani mai suna Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Abin sha'awa, ƙaramin mawallafi a Indiya ne ya fitar da aikin ƙaramar mawallafiya ta Kano zuwa idon duniya. A 2017 ta shirya fim ɗin tarihi mai suna Juyin Sarauta, wanda Malam Ado ya fito a cikinsa.

Wasu ma sun bi wannan hanya ta dogaro da kai. Farfesa Yusuf Adamu ya kafa kamfanin Adamu Joji a Kano, shi ne marubucin Idan So Cuta Ne da Ummul-Khairi. Malam Ibrahim Sheme ya kafa Informart, wanda ya soma buga mujallar Fim a 1999, ya kuma fitar da 'Yartsana a 2003, da babban littafin tarihin Alhaji Mamman Shata, watau Shata Ikon Allah, a 2006. A nan akwai abin lura: tarihin mawaƙin da ya fi kowa shahara a ƙasar Hausa, ƙaramin kamfani ne ya ɗauki nauyinsa. A waje kuma, Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan, tare da Malami Buba da William Burgess, sun fitar da kundin sunayen ɗaruruwan waɗannan littattafai a 2004, wanda ya ƙunshi abin da aka buga daga 1987 zuwa 2002.

Yanzu zamani ya juya. Yawancin sababbin marubuta, musamman mata, a waya suke rubutu, su sayar ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata ta mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani. Wannan ci gaba ne, amma yana da nasa rauni. A ƙarshen 2023 dandalin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu a kansa, ya rufe. Abin da aka ajiye a rumbun wani, ranar da ya rushe rumbun sai a kwashe ko a rasa. Littafin takarda kuwa, in ya shiga ɗakin karatu, ya shiga ke nan.

ABIN DA YA SHAFI YANA

To, ina ruwan Yana da wannan labari? Ruwanta kuwa babba ne, domin ƙasar Shira tana zaune a kan dukiyar da ke jiran alƙalami. Shira tsohuwar daula ce wadda ta girmi masarautar Katagum kanta. Tarihin baka yana haɗa ta da Teshena da Auyo a matsayin garuruwan 'yan'uwa, kafin Malam Ibrahim Zaki, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya haɗe Shira da Teshena a farkon ƙarni na 19 ya kafa Katagum. A duwatsun Shira akwai zane-zanen mutanen dā, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta sa cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. A farkon 1824 Turawan nan masu yawon bincike, Clapperton da Oudney, sun ratso ƙasar Katagum, a nan ne ma Oudney ya rasu a Murmur.

Ga kuma abin da ya kamata ya tayar wa kowa hankali. Masana harsuna sun lissafa harsunan Shirawa da Teshenawa da Auyakawa cikin waɗanda suka mutu, Hausa ta haɗiye su. Harshe guda ya tafi da karin maganarsa da waƙoƙinsa da sunayen itatuwansa. Abin da ya rage a bakin tsofaffi na labarin sarakuna, da kirarin garuruwa, da tarihin malamai da masu sana'a, shi ma haka zai bi in ba a rubuta ba. Littafin da manazarta ke yawan komawa gare shi a kan farkon tarihin Katagum, watau Three Nigerian Emirates na Victor Low, a Amurka aka buga shi a 1972, da Turanci, kuma daga bakin dattawan Katagum da Haɗeja da Gombe ya tattara shi. Jikokin waɗannan dattawa, nawa ne cikinsu suka taɓa riƙe shi a hannu?

Babban kamfani na Legas ko Ibadan ba zai buga tarihin Shira da Hausa ba, domin lissafinsa na dubban ɗalibai ne. Wannan aikin ƙaramin mawallafi ne, wanda ya san masu sayensa da sunayensu. Kayan aikin kuwa suna kusa. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, cike da malamai da ɗalibai waɗanda kundayen bincikensu ke kwance a kan kanta. Kwamfuta ta sauƙaƙa tsara shafi, injinan zamani kuma suna iya buga kwafi kaɗan, ba lalle sai an tara dubbai ba.

Sai dai a koyi darasin Kano gaba ɗayansa, da daɗinsa da ɗacinsa. Na farko, a haɗa kai kamar yadda Raina Kama ta yi, kowa ya tallata ɗan'uwansa. Na biyu, a ba wa masani rubutu ya tace kafin a kai maɗaba'a, domin babban abin da aka soki littattafan Kano da shi, ban da zancen tarbiyya, shi ne karya ƙa'idojin rubutun Hausa. Na uku, a rubuta shekarar bugu da sunan mawallafi a jikin littafi. Rashin yin haka ya sa har yau manazarta na saɓani a kan shekarun da wasu shahararrun littattafai suka fito. Na huɗu, a karɓi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, a kuma kai masa kwafi 3 kamar yadda dokar 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa. Na biyar, kada a ba dillali kaya sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Saboda haka muna kira ga masu hannu da shuni na Yana da Shira da Azare, da sarakuna iyayen ƙasa, da shugabannin ƙananan hukumomi, su dubi wannan al'amari. Sayen kwafi 100 na littafin ɗan gari a raba wa makarantu taimako ne da zai sa a buga na biyu. Malaman Hausa kuma su tura ɗalibai gidajen dattawa da takarda da alƙalami tun suna raye. Mutumin da ya soma karatun boko a ajin yamma ya kafa kamfanin da littattafansa suka zaga ƙasar Hausa, har hukuma ta karrama shi. Ƙasar da ta haifi Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh ba za ta rasa wanda zai yi irin wannan ba. Allah ya ba mu ikon yi, amin.